Aikin sa-kai a Ruwanda: ina ake zuwa Asabar da Lahadi, kuma me baƙo zai kiyaye?

Rabi_Malama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni gurbin koyar da lissafi na sa-kai a wata makarantar sakandare kusa da Muhanga, ƙasar Ruwanda, daga Janairu zuwa Yuli. Aikin Litinin zuwa Juma'a ne. Tambayata a kan Asabar da Lahadi take. Waɗanne wurare mutum zai iya zuwa da motar haya ya dawo kafin safiyar Litinin, da ɗan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba? Sannan wane abu ne baƙo ke yi a can ya ɓata wa mutane rai shi bai ma sani ba? Masu masaniya don Allah a yi mini dalla-dalla.

Baba_Tanko:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa a je lafiya, 'yata. Kafin ki buɗe taswira ki fara buɗe kalanda, domin ba kowace Asabar ce taki ba. Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata ranar Umuganda ce, aikin gayyar da doka ta wajabta wa 'yan ƙasa masu shekara 18 zuwa 65. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 11 shaguna a rufe suke, bas ba ta tashi, ɗan acaba ba ya ɗaukar fasinja, 'yan sanda kuma suna tare hanya. Ɗan ƙasar da ya ƙi fita ba uzuri ana iya cin sa tarar faran 5,000, kuɗin Ruwanda. Ke baƙuwa ba a tilasta miki ba, amma ki fita. Tun ranar Juma'a ki tambayi shugaban unguwa, wato mai kula da umudugudu ɗinku (haka suke kiran unguwa), ina za a haɗu kuma wane aiki za a yi. Wata rana yashe magudanar ruwa ne, wata rana dashen itatuwa, wata rana kwaɓa laka don gina wa marar ƙarfi ɗaki. Ki ari fartanya wurin maƙwabta, ki sa takalmin da ba kya jin asararsa. Bayan aikin ana zama a tattauna matsalolin unguwa, kada ki tashi kafin a watse ko da ba kya jin Kinyaruwanda. A wannan zaman ne mutane ke sanin wace ce ke.

Duk wanda ya shirya tafiya mai nisa a wannan Asabar ɗin, sai bayan sha ɗaya zai sami mota, tasha kuma ta cika maƙil. Rabin yini ya tafi ke nan.

Sadiq_Tafiya:
Malama, an ajiye ki a wuri mai kyau. Muhanga mararraba ce. Kigali na gabas da ke, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Hanyar kudu ta wuce Nyanza zuwa Huye, hanyar yamma kuma ta gangara Karongi a bakin tafkin Kivu. Nyanza da Huye yini ɗaya ya ishe ki: a Nyanza akwai fadar sarki da aka mayar gidan tarihi, da shanun inyambo masu dogayen ƙahoni waɗanda makiyayansu ke yi musu kirari, a Huye kuma akwai babban gidan tarihin al'adu da aka buɗe a 1989. Karongi kwana ɗaya, ki tafi Asabar da safe ki dawo Lahadi. Musanze a arewa take, hanya mafi sauƙi ita ce ki shiga Kigali ki canza mota a tashar Nyabugogo, daga nan awa biyu zuwa biyu da rabi.

Kada kilomita ta yaudare ki. Ƙasar duk tsaunuka ce, hanya sai kwana-kwana, kuma an sa wa motocin haya na'urar da ke hana su wuce gudun kilomita 60 a awa. Wurin da kike gani kusa a taswira sai ya ci awa uku. Idan kina jiri a mota ki nemi kujerar gaba ko ta taga, musamman a hanyar Karongi.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne dawowa. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, da yammacin Lahadi kuma kowa na komawa bakin aiki. Kina sauka a garin da kika je, kafin ki bar tasha, ki yanki tikitin dawowa na ƙarfe 1 ko 2 na rana. Manyan kamfanonin bas suna tashi a kan lokacin da aka rubuta a tikiti, ba sa jiran mota ta cika.

Ummi_Zee:
Ƙari kan na Baba: duk ranar Lahadi da safe ana rufe manyan titunan Kigali don motsa jiki, a lura da wannan ma.

Sadiq_Tafiya:
Ummi, ba duk Lahadi ba ne. Sau biyu ne a wata, Lahadin farko da ta uku, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kuma wasu tituna ne a tsakiyar birni. An fara a 2016. Hanyar Muhanga ba ta ciki.

Hajiya_Maman_Iklima:
Ƙanwata, ni ta ɓangaren ci da sallah zan shigo. Musulmi tsiraru ne a ƙasar, amma kusan kowane babban gari akwai masallaci. A Kigali unguwar da za ki nufa ita ce Nyamirambo da Biryogo, can mahauta Musulmi suke, da gidajen abinci na halal, da masu shayi har dare. Wajen wannan unguwar sai kin tambaya. Tsiren da suke kira brochette yawanci na akuya ne, amma a mashaya aka fi gasa shi, sau da yawa wuri guda da akabenz, wanda naman alade ne. Ki riƙe wannan suna da kyau. Haka urwagwa giyar ayaba ce, ikigage kuma ta dawa, kuma su ake miƙa wa baƙo a ƙauye don girmamawa. Ki karɓi gaisuwar, ki yi godiya, ki nemi madara ko shayi. Ba wanda zai ji haushi, domin Kiristoci da yawa a can ma ba sa sha. Madara kuwa har shaguna gare ta na musamman, da ɗanya da kuma kindirmon da suke kira ikivuguto.

Abincin rana mafi araha shi ne na ɗebi-da-kanka: wake, shinkafa, dankali, ayabar dafawa, da isombe, wato dakakken ganyen rogo. Sau ɗaya ake cika faranti, ba a komawa, nama kuma ƙirga shi ake yi, yanka ɗaya ko biyu.

Kada ki dogara da jin kiran sallah, tun 2018 aka taƙaita amfani da lasifika a wasu sassan Kigali. Ki sa lokutan sallah a waya. Idan azumi ya same ki a can, ki rage tafiye-tafiyen hawan dutse a watan. Ƙaramar sallah da babba duk ranakun hutu ne a hukumance.

Nura_Kamfas:
Ni da zan ba da shawara, kada ki baro ƙasar ba ki ga goggon birin dutse ba. Shi ne abin da duniya ke zuwa gani.

Injiniya_Bello:
Malam Nura, ka faɗi farashin mana. Takardar izinin ganin goggon biri a gandun dajin Volcanoes dala 1,500 ce ga baƙo tun 2017, kuma awa ɗaya kacal ake ba ka tare da su. Hukumar RDB, mai kula da yawon buɗe ido a ƙasar, tana da farashi daban ga 'yan ƙasa da mazauna, don haka Malama ta bari sai takardar zamanta ta fito sannan ta nemi nata rukunin. Da fasfo kawai ba za a ɗauke ta mazauniya ba.

Ga wanda zai je, ga yadda abin yake. Ana haɗuwa a ofishin gandun da ke Kinigi ƙarfe 7 na safe, dole ke nan a kwana a Musanze. Ana raba mutane takwas-takwas, kowane rukuni da dangin biran da zai bi. Daga ofis zuwa bakin daji kowa shi ke nemo motarsa, hukuma ba ta kai mutum, kuma nan ne wanda ya zo da bas ke tsayawa cirko-cirko. A shirya mota mai ƙarfi tun daren jiya, ko a haɗa kuɗi da wasu. Yaro ƙasa da shekara 15 ba ya shiga. Mai mura ko tari ma ana mayar da shi, saboda biran suna ɗaukar cututtukan numfashi na mutane.

Mai ƙaramin aljihu yana da zaɓi a gandun nan. Ganin wasu birai masu launin zinariya dala 100 ne. Hawan dutsen Bisoke dala 75, tsayinsa mita 3,711, akwai tafki a ƙoƙon samansa, hawa da sauka kan ci awa shida zuwa bakwai cikin laka. Ana buƙatar takalmi mai kama ƙasa, rigar ruwa, safar hannu saboda ƙaiƙayin ganye, ruwan sha lita biyu. A ɗauki ɗan dako, kuɗinsa kaɗan ne kuma da shi iyalai da yawa a wurin ke ci. Wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, tafkunan Burera da Ruhondo suna kusa da Musanze, kuɗin acaba da na kwale-kwale kawai.

Dr_Aisha_M:
Ina so in ja hankali kan watan Afrilu, tunda Malama za ta kasance a can. Ranar 7 ga Afrilu ake fara Kwibuka, juyayin kisan ƙare dangi da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994. Makon farko, 7 zuwa 13, ba kiɗa, ba biki, ba wasanni, wuraren shaƙatawa a rufe. Juyayin kuma yana ci gaba har kwana 100, zuwa farkon Yuli. A wannan makon kada ki shirya yawon tafki, kada ki kunna waƙa a ɗaki da ƙarfi, kada ki ɗora hoton nishaɗi a Facebook alhali abokan aikinki suna ganin shafinki. Idan makaranta ko unguwa ta kira taro ki je, ki zauna shiru. Akan sami wanda abin zai taso masa ya fashe da kuka ko ya faɗi. Akwai mutanen da aka tanada don wannan, ki ba su wuri.

Abu na biyu ya shafi duk shekara: kada ki tambayi kowa ƙabilarsa. Ko ɗalibi, ko malami, ko wanda kuka saba sosai. An cire wannan daga katin ɗan ƙasa, kuma akwai doka mai tsanani kan musanta kisan ko raina shi. Kada ki tambayi mutum ina iyayensa ko me ya sami hannunsa. In ya ga dama wata rana shi zai faɗa miki.

Rabi_Malama:
Na gode Dakta. To wuraren tunawa fa, ya dace in je ko in bari?

Dr_Aisha_M:
Ki je, kuma da wuri, cikin makonninki na farko, domin za ki fi fahimtar ajin da kike koyarwa. Ki fara da na Gisozi a Kigali. An buɗe shi a 2004, an binne sama da mutum 250,000 a wurin. Shiga kyauta ne, ana karɓar gudummawa. Ki ware awa biyu zuwa uku. Akwai ɗakin yara a sama, hoton kowane yaro da sunansa da abincin da ya fi so da yadda aka kashe shi. Malamar makaranta ba za ta fito daga ɗakin nan yadda ta shiga ba, don haka kada ki haɗa ranar da kasuwa ko ziyara. Nyamata da Ntarama coci-coci ne a kudu da Kigali, kimanin kilomita 30, tufafin mamatan suna nan a jibge kan bencina. Murambi, wata tsohuwar makaranta kusa da garin Nyamagabe, shi ya fi kowanne nauyi, gawawwaki ne a ajiye cikin azuzuwa. Ba lallai ne ki kai can ba, in kuma za ki je kada ki tafi ke kaɗai. A sa tufafin mutunci, a bi ƙa'idar hoto ta kowane wuri.

Garba_Dogo:
Ni ban yarda da yadda zancen ya karkata ba. Aikin sa-kai aka tura ta ko yawon buɗe ido? Ɗan sa-kan da ke ɓacewa duk Juma'a da yamma ya dawo Lahadi da dare, wata shida za su wuce bai san gidan abokin aikinsa ko ɗaya ba. Malaman da take aiki da su yawancinsu ba su taɓa shiga waɗannan gandayen ba, don kuɗin ya fi ƙarfinsu. Ranar Litinin ta zo tana nuna musu hotuna, me za su ji?

Sadiq_Tafiya:
Yaya Garba, akwai gaskiya a maganarka, amma hutu haƙƙinta ne. Wanda bai huta ba wata na uku yake gajiya ya fara ƙirga kwanaki. Sannan malamar da ta ga tafkin Kivu da gandun dajin Nyungwe ta fi iya kawo misali daga ƙasar yaran a cikin darasi.

Baba_Tanko:
Ku biyun ba ku yi nisa da juna ba. Yawanci wata yana da Asabar huɗu. Ɗaya ta Umuganda ce, an gama da ita. Ɗaya za ta tafi a bikin aure, in dai ta saki jiki da mutane, domin Asabar ce ranar biki kuma da wuya wata ya wuce wani a makaranta bai kawo kati ba. Saura biyu, ta yi wanki da hutu a ɗaya, ta yi tafiya a ɗaya.

Bikin nasu yini guda yake ci. Da safe gusaba, neman aure a gidan amarya, inda dattijo daga kowane ɓangare ke fafatawa da zance da barkwanci kafin a fito da yarinya, a kuma ambaci saniyar sadaki. Sai coci ko masallaci, sai liyafa. Kafin ranar ana zagayawa da takardar gudummawa, kowa ya rubuta sunansa da abin da zai bayar. Ki tambayi wata malama nawa sa'o'inki ke sawa, ki sa daidai da nasu ko sama kaɗan. In kika zarce da yawa kin kunyata su, kuma kin buɗe ƙofar da ba za ki iya rufewa ba. Mata suna sa mushanana, ana bayar da hayarsa, kuma yana sauka lafiya a kan riga mai dogon hannu da ɗankwali. Ki ci wani abu kafin ki fita, abinci kan makara.

Ummi_Zee:
Ƙananan abubuwa da ke sa a kalli mutum: cin abinci ana tafiya a titi, ba sa yi. Yar da shara, ko da ɓawon ayaba. Taka ciyawar da aka shuka a gefen titin Kigali. Ɗaga murya a bas. Leda haramun ce tun 2008, a filin jirgi ma ana karɓewa, ki zo da jakar yadi. Wajen gaida babba a dafa damtsen dama da hannun hagu. In kika yi tambaya kika ga an ɗaga gira kawai, "eh" aka ce miki, ba raini ba ne. Mwaramutse da safe, mwiriwe da yamma, murakoze don godiya. Waɗannan ukun ki haddace kafin ki sauka jirgi.

Nura_Kamfas:
Tunda Karongi ake magana, me zai hana ta wuce Rubavu ta tsallaka Goma, a ƙasar Kongo, ta hau dutsen Nyiragongo? Iyakar da ƙafa ake tsallakawa.

Injiniya_Bello:
A'a Malam Nura, wannan kam kada ta kusanta. Dutsen ya yi aman wuta a Mayun 2021, sannan mayaƙan 'yan tawayen M23 sun kama Goma a Janairun 2025. Inshorar da ake yi wa 'yan sa-kai yawanci ba ta biyan abin da ya faru a yankin rikici, ko a ƙasar da ba a rubuta a takarda ba. Burundi ma ta rufe iyakarta ta ƙasa da Ruwanda a Janairun 2024. Wanda ke son tsallaka iyaka a dogon hutu Uganda ya fi sauƙi, ta Gatuna zuwa Kabale da tafkin Bunyonyi. A tuna agogon Uganda yana gaba da awa ɗaya, kuma su a hagu suke tuƙi. Kafin komai a sanar da mai kula da 'yan sa-kai a rubuce: ina za a je, ina za a kwana, yaushe za a dawo. Ƙungiyoyi da yawa suna sallamar mutum a kan fita ƙasa ba izini.

Wani abu kuma, Malama: bizar kwana 30 da ake ba 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka kyauta a filin jirgi ta ziyara ce. Aikin wata shida sai da takardar izinin zama, ana nema ta Irembo, shafin gwamnati na intanet. Ki fara nema a makon farko, kuma kada ki shirya fita ƙasar kafin ta fito.

Halima_Nas:
Ta fannin lafiya. Kigali tana kan tudu, kimanin mita 1,500, amma akwai zazzaɓin cizon sauro, ya fi yawa a gabas da kudu. Ki tafi da gidan sauronki idan za ki kwana a ƙaramin masauki. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo. Ruwan tafki yana iya ɗauke da tsutsar tsargiya, musamman bakin gaɓa mai ciyayi inda dodon koɗi ke zama, don haka shiga kwale-kwale ya fi wanka. A kwale-kwalen ma ki ƙi hawa in ba rigar kariya, kuma a fita da safe, iska na tashi da yamma. A Karongi ana kai mutane tsibirin Napoleon mai dubban jemagu. Gab da magariba ki tsaya bakin ruwa ki ga masunta suna fita, jirage uku-uku a ɗaure da dogayen sanduna, suna waƙa don daidaita tuƙi, za su kwana suna kamun ƙananan kifin sambaza da fitilu.

Acaba kuwa hular kwano dole ce, fasinja ɗaya tak. Ki ɗaura siririn ɗankwali a ƙasan hular, ki tattare bakin hijabi da zani ki zauna a kai, kada ya shiga taya. A daidaita kuɗi kafin a hau.

Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi. A Mayun 2023 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe sama da mutum 130 a yamma da arewacin ƙasar. Hanyar Karongi da ta Musanze su ki yi su a Janairu da Fabrairu, ko ki bari sai Yuni.

Garba_Dogo:
Wani abu da nake so a faɗa ƙarara: gidan marayu ba wurin yawon Asabar ba ne. Gwamnatin ƙasar tun 2012 take rufe irin waɗannan gidaje tana mayar da yara cikin iyalai. Duk wanda ya ce zai kai ki ki ga marayu ki ɗauki hoto, ki ƙi. Ɗalibanki ma kada ki ɗora hotonsu a intanet ba izinin makaranta da na iyaye. Haka gine-ginen soja da na gwamnati, ba a ɗauka.

Rabi_Malama:
Allah ya saka da alheri, duk na rubuta. Ga abin da na tsara: Gisozi da Nyamirambo a Janairu, Karongi a Fabrairu, Nyanza da Huye a Maris, Afrilu ina gida. Gandayen dajin Akagera da Nyungwe ne ban san inda zan sa su ba, kuma ba wanda ya taɓo su.

Sadiq_Tafiya:
Nyungwe ba ta kwana ɗaya ba ce da motar haya. Ki bari sai hutun da ya haɗu da ƙarshen mako, kamar 1 ga Mayu, ko 1 da 4 ga Yuli. Ki hau bas mai zuwa Rusizi ta Huye, ki ce a sauke ki a Uwinka, nan gadar igiyar take, tsawonta mita 160, tsayinta daga ƙasa kimanin mita 70. Da ɗan jagora ake zuwa, a lokuta ƙayyadaddu. Matsalar ita ce fitowa: motocin da ke ratsa dajin a cike suke wucewa, ba sa tsayawa. Ki biya kujera tun daga tasha, ki karɓi lambar direba. Akwai sanyi sosai, a zo da rigar sanyi.

Injiniya_Bello:
Akagera kuma ba a shiga da ƙafa ko acaba, sai da mota, don haka ku haɗu mutum huɗu ko biyar ku raba kuɗin haya da mai. Daga Kigali awa biyu da rabi ne ta Kayonza. Ana shiga ta ƙofar kudu, a ratsa a fita ta arewa, yini guda cur, kuma dabbobi sun fi yawa a filayen arewa, don haka kada ku ɓata safiya a kudu. An dawo da zakuna a 2015, karkanda a 2017. A cika tanki kafin a shiga. Kada a sa tufafi masu launin baƙi ko shuɗi, su ke jawo ƙudan tsando, cizonsa kuma yana ratsa yadi marar kauri. Ga malamin da Garba ya ambata, kuɗin shigar ɗan ƙasa kaɗan ne ƙwarai, motar ce ke hana shi. In akwai kujera ɗaya da ta rage, ku ba abokin aiki.

Garba_Dogo:
Wannan na yarda da shi, amma a yi hattara da wanda za a zaɓa. In aka ɗauki malami ɗaya aka bar saura, ƙorafi ya shiga ɗakin malamai ke nan. Gara a faɗa a gaban kowa cewa kujera ɗaya ce, su su fitar da mutum da kansu. Sadiq, motar Rusizi ta farko ƙarfe nawa take biyowa ta Muhanga? In sai ta koma Nyabugogo ta hau, lissafin kwana biyun nan bai fita ba.